Wa ya taɓa ya da zango da doki a dajin Otter Creek?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Wasunku sun san ina aiki a wata barga kusa da Goshen, cikin jihar Niyok a nan Amurka, inda ake kiwon dawakan tseren nan masu jan keke. Bara maigidan ya bar min wani jan doki da ya ajiye tsere, irin Standardbred, shekararsa 11, fiɗiyayye. Na saba masa da sirdi, yanzu har Khalifa yana hawansa a fili. Akwai kuma wani ingarma ɗan shekara 5 na abokina da nake kula da shi, akawal ne, wallahi in ka gan shi sai ka tuna hawan Daushe. To Turawan da muke aiki tare ba su da hira sai ta Otter Creek, wai daji ne a can arewacin jihar, mutum ya je da dokinsa ya kwana, gari ya waye ya shiga dawa. Ina so in ɗauki hutun kwana huɗu mu je ni da yaron, shi a kan jan, ni a kan akawal. Wa ya taɓa zuwa? Me ake buƙata, kuma yaushe ya fi? Ba na so in fafe gora ranar tafiya.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam. Ikon Allah, Bakano zai kwana a daji. Ka tabbata ba kasuwa suka ce maka ana ci a can ba?

Baban Khalifa:
Kai dai Allah ya shirye ka. Doki nake tambaya, ba raƙumi ba, ka bari masu sani su yi magana.

Ɗan Damagaram:
To ai mai sanin ne ke magana. Sau biyu na je daga Harrisburg ta jihar Pennsylvania tare da wani maƙwabcina mai dawakai. Wurin yana gundumar Lewis, kusa da wani ƙauye Glenfield, a gefen yamma na gandun Adirondack. Hanyoyin hawa sun kai mil 65, duk a haɗe suke da juna, an liƙa musu alama a jikin itatuwa, ja da shuɗi da rawaya. Inda ake sauka fili ne babba cikin itatuwa, an yi rumfunan ɗaure doki guda 100 masu rufi, ga famfo, ga banɗaki. Hukumar muhalli ta jiha, DEC, ita ke kula da shi, kuma ba a biyan ko sisi. Ba a kama wuri tun daga gida, wanda ya riga zuwa shi ke zaɓa. Amma ka sani babu wutar lantarki, babu wurin wanka, kuma waya tana kamawa ne in ta ga dama. Famfon ma daga tsakiyar Mayu zuwa wajen tsakiyar Oktoba ake buɗe shi, bayan nan sanyi zai fasa bututun.

Abin da ya fi burge ni ƙasar wurin. Rairayi ne mafi yawanta, sai ka rantse hanyar Mirriya ce aka dasa wa dogayen itatuwa. Doki marar takalmi yana tafiya lafiya lau a yawancin hanyoyin.

Maman Ilham:
Sannunku. Kafin a kai ga rairayi, Baban Khalifa, takarda. Ni a asibitin dabbobi nake aiki, kuma abin da ya fi mayar da mutane gida ke nan. Kowane doki sai da takardar gwajin Coggins wadda wa'adinta bai ƙare ba. Gwajin jini ne na wata cuta da ƙudaje masu cizo ke ɗauka daga doki zuwa doki, ba ta da magani ba ta da rigakafi, shi ya sa ba a wasa da ita. Kada ka ce sai ana gobe tafiya za ka kira likita, sakamakon yakan ɗauki kwanaki. Kai da kake cikin jihar wannan ta ishe ka. Wanda zai shigo daga wata jiha, kamar mutumin Damagaram, sai ya ƙara da takardar lafiya wadda likita ya sa wa hannu cikin kwana 30. Ka ɗauki hoton takardun a waya, amma ka riƙe na hannu a mota, don malamin daji yana iya tambaya a inda wayar ba ta aiki.

Sannan ka duba katin alluransu. Ta haukan kare, ta tetanus, da na cututtukan sauro biyu, West Nile da ta kumburin ƙwaƙwalwa da suke kira EEE. Wannan ta ƙarshen akwai ta a wannan yanki na jihar, kuma in ta kama doki da wuya ya tashi.

Baba Shamaki:
Salamu alaikum. Na karanta duka. Ɗana, abu ɗaya zan ce maka, ka bar akawal a gida.

Baban Khalifa:
Ranka ya daɗe, Baba, ai saboda shi ne ma nake ɗokin tafiyar. Ina iya masa, ba ya min gardama. Tun ina shekara 9 nake hawan ingarma a Kano.

Baba Shamaki:
Na sani, kuma ban ce ba ka iya ba. Ni ma a bayan ingarma na girma, mahaifina ya yi shekaru yana riƙe da dawakan wani hakimi a ƙasar Katsina. Amma ka tuna yadda abin yake a gida. Ran hawan Sallah doki ɗari nawa ke fita? Goɗiya nawa ka taɓa gani a cikinsu? Babu. Goɗiyoyi suna ƙauye suna haihuwa. Ingarman da kake taƙama ka iya masa, a cikin 'yan'uwansa maza yake tafiya, ga zagi a gaba, ga linzamin ƙarfe mai cin baki. A nan kuwa an juya abin. Waɗanda za ka tarar a zangon nan goɗiyoyi ne da fiɗiyayyu, masu su kuma da yawa mata ne da tsofaffi irina da yara ƙanana. Goɗiya ɗaya mai neman namiji ta isa ta hana zangon nan barci. Zai kwana yana haniniya yana dukan katako, ba zai ci ba, ba zai sha ba. Da safe ka hau shi a hanyar da faɗinta bai wuce doki ɗaya ba, wata yarinya ta ɓullo ta kwana a kan goɗiyarta. Kai za ka riƙe naka, na yarda. Ita fa? Kuma ɗanka yana bayanka a kan dokin da bai taɓa shiga daji ba. Hankalinka zai rabu biyu, kuma ingarma ba ya yarda a raba hankali da shi.

Ga shi ma ba naka ba ne. Amanar mutum ce.

Ɗan Damagaram:
Gaskiyar Baba. Akwai ɗakuna biyu da aka ware wa ingarmu, rufaffu, ba a hana zuwa da su ba. Amma biyu cikin ɗari, wannan ma ya gaya maka yadda ake kallon abin. In ka je ka tarar an riga ka fa? Mil ɗari biyu da wani abu ka taho.

Direban Zongo:
Salam. Ni ban san doki ba sai wanda na gani a Kumasi ran Sallah, amma hanya tawa ce, shekara 14 ina jan babbar mota. Da me za ka ja tirelar?

Baban Khalifa:
Akori-kurar wurin aiki, maigidan ya ce zai ara min da tirela mai cin doki biyu.

Direban Zongo:
To ka ji. Daga Goshen ka fita Newburgh ka hau babbar hanyar Thruway, lamba 87, har Albany, ka juya yamma a 90 har Utica, mafita ta 31. Daga nan lamba 12 ce za ta kai ka arewa, ka wuce Boonville, kafin Lowville za ka sauka. Jimla mil 250 ne ko kusa. Waya za ta ce maka awa huɗu da 'yan kai, kai ka sa shida a ranka. Kuma kada ka yarda taswirar waya ta jefa ka a hanyar da sunanta ya ƙare da Parkway, irin su Taconic. Doka ta hana tirela a kansu, wasu ma gadojinsu gajeru ne. Ita wayar ba ta san kana jan komai ba.

Ka duba tayun tirelar da kanka, har da safaya. Tirelar da ke zaune a barga tayarta takan yi kyau a ido alhali ta tsattsage ta gefe. Ka ɗaga tabarmar robar da ke ƙasa ka soki katakon da sukundireba, fitsarin doki yana ruɓar da shi. Ka gwada birkin tirelar da fitilu tun ana jibi. Ka cika tanki a Utica ko Boonville. Abu na ƙarshe, ka isa da rana. Ja da baya da tirela tsakanin itatuwa cikin duhu, mutane suna zaune bakin wuta suna kallonka, ba abin da nake yi wa ko maƙiyi fata ba ne.

Maman Ilham:
In ƙara a kan na direba, duk awa uku zuwa huɗu ka tsaya minti 20. Ba sai ka sauke su ba, a gefen babbar hanya ma kada ka kuskura. Ka kashe mota kawai su huta da jijjiga, ka miƙa musu ruwa. Tsayuwa a tirela aiki ne a wurin doki, kowace kwana sai ya tokare. Ranar da kuka isa ba ranar hawa ba ce, ku ja su da hannu su miƙe ƙafa su ga wuri.

Baban Khalifa:
Allah ya saka. Maganar akawal ina nan ina juya ta, ba ta yi min daɗi ba amma na ji. Lokaci fa? Ina tunanin Yuni, da an ba yara hutu ko kafin nan.

Malam na Utica:
Assalamu alaikum. Yuni? A'a. Ni nan nake zaune, tafiyar awa guda ce tsakanina da wurin. Daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni akwai wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje da ke fitowa daga ruwa mai gudu. Ba ka jin saukarsu, sai dai ka shafa bayan kunne ka ga jini. Suna shiga kunnen doki su haukata shi. Suna wucewa sai manya masu zagaya kai su karɓa a Yuli. Ka bari sai bayan hutun ma'aikata na farkon Satumba. Ƙwari sun ragu, cunkoso ya ragu, zuwa ƙarshen wata kuma ganye ya fara juyewa ja da ruwan ɗorawa. Wanda bai ga wannan dajin a lokacin ba, bai gan shi ba.

Ɗan Damagaram:
Ni a Agusta na je duka biyun kuma ban mutu ba. Dare ma da daɗi, ba sanyi. Satumba yaro yana makaranta, Malam.

Malam na Utica:
Alhamis da Juma'a kawai zai rasa. Agusta ba laifi, amma ƙarshen mako wurin cika yake.

Maman Ilham:
Kowanne da nasa. In Satumba ce, abubuwa biyu. Na farko maharba, don a arewacin jihar farauta tana buɗewa tun daga tsakiyar watan, tana ƙaruwa har a kai ga babbar farautar barewa da bindiga a ƙarshen Oktoba. Ku sa riga mai ruwan lemo mai haske, ku ɗaura wa dawakan ƙyalle irinsa, ƙaramar ƙararrawa a sirdi ma tana da amfani. Jan doki a cikin kurmi da barewa ba su da nisa a idon mai gaggawa.

Na biyu ya fi damuna. Itacen nan mapul, nau'in da ganyensa ke yin ja wur, shi ne mai kyan hoto kuma shi ne guba. Ɗanyen ganye a jikin itace ba shi ne matsalar ba, wanda ya yi yaushi ko ya faɗo ya bushe shi ne. Yana farfasa jinin doki, abin da bai fi fam 3 ba yana iya kashe babba. Alamarsa kasala da fitsari mai duhu kamar shayi. Ganyen ceri na daji in ya yi yaushi shi ma haka. Don haka al'adarmu ta sakin linzami doki ya ɗan yi kiwo in an tsaya hutawa, a bar ta. Abin da ka kawo daga gida shi zai ci.

Baba Shamaki:
Hajiya ta zo inda nake so. Cima. Kada ka canza masa komai saboda tafiya. Ingiricin da yake ci a barga shi za ka ɗauko, kada ka ce za ka saya a hanya wurin manoma don ya fi araha. Cikin doki ba ya son baƙo. Kada kuma tausayi ya sa ka ƙara masa hatsi wai don zai yi aiki. A gida ma dokin da aka ɗura wa dawa ana gobe hawa shi ke kwanciya da ciwon ciki ran Sallah.

Maman Ilham:
Lissafinsa, doki mai nauyin fam 1,000 yana cin ingirici fam 15 zuwa 20 a yini, yana shan galan 5 zuwa 10, in ya yi gumi ya fi haka. Ka ɗauki na kwana biyar ko da huɗu za ka yi. Kuma tunda an ce wurin rairayi ne, kada ka zuba abinci a ƙasa. Ka sa a raga ka rataye, hatsi a bokiti. Yashi yana taruwa a hanji.

Wasu dawakan ba sa shan ruwan da ba su saba da warinsa ba. Dabarar ita ce tun saura mako guda ka riƙa zuba ɗan ruwan tuffa a bokitinsa a gida, in kun je can ka zuba irinsa, sai ya ɗauka ruwan gida ne. Bokitinka naka ne kai kaɗai, kada ya sa baki a na wani, kada kuma ka tsoma bakin tiyo a ciki.

Baba Shamaki:
Mu da kanwa muke wannan. A jiƙa 'yar kaɗan a dusa, doki ya sha ruwa kamar ya shekara bai gani ba.

Maman Ilham:
Baba, hikimar ɗaya ce, gishiri ne ke jawo ƙishi. Amma dokin da bai taɓa sanin kanwa ba, ba a daji za a fara gwada masa ba. Dunƙulen gishirin da yake lasa a barga ya wadatar.

Baba Shamaki:
Na karɓa. Zazzagawa in suka yi boko sai a bi su a hankali.

Ɗan Damagaram:
Saura ɗauri. Baban Khalifa, na san hannunka zai yi ƙaiƙayi, kada ka kafa turke ka ɗaure shi ta ƙafa irin na gida. Dokin nan bai san dabaibayi ba, zai fizga ya ji wa kansa, kuma kafin ka juya wata ta kira hukuma. Da ragama ake ɗaurewa a rumfa, igiya daidai tsayin da hancinsa zai taɓa ƙasa, ba fiye ba, da ƙullin zarge wanda ja ɗaya zai kwance. Ka fara koya masa kwana a ɗaure tun a gida, dare biyu ko uku. In kun tsaya a dawa kuma kada ka ɗaure a jikin itace kai tsaye ka daɗe, yana gwaguyar ɓawon yana tone saiwa, malaman daji ba sa so. Ka tafi da baro da manjagara da shebur. Akwai inda ake zuba kashin doki, kuma ana so ka bar rumfa a share. A nan ne suke gane waye baƙo.

In naka yana harbi, ka ɗaura masa jan ƙyalle a wutsiya. In ka ga na wani da shi, ka ba shi tazara.

Malam na Utica:
Itacen wuta kada ka ɗauko daga Goshen. Dokar jiha ta hana kai ɗanyen itacen da ba a gasa ba fiye da mil 50 daga inda aka sare shi, saboda ƙwarin da ke kashe daji. Za ka ga ana sayarwa a bakin hanya kusa da wurin, ka saya ka riƙe rasit. Ƙa'idar filayen gwamnatin jiha kuma, in za a wuce dare uku a wuri guda, ko an kai mutum 10, sai da izinin malamin daji. Kai dare uku ne, ba ruwanka.

Cefane ka yi shi a nan Utica. Akwai Musulmi 'yan Bosniya da yawa, su ne ma suka sayi wata tsohuwar majami'a a tsakiyar gari suka mayar da ita masallaci, kuma naman halal ba ya wuya. Kana wuce nan sai dai kifin gwangwani. Sallarka ta kasaru ce, tunda nisan ya kai kuma ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba. Alƙibla daga nan arewa maso gabas take, ba inda rana ke fitowa ba. Ka auna tun waya tana aiki ka sa alama da dutse. Ka tafi da butar ƙarfe wadda za ka ɗora a wuta, don alwalar Asuba a ƙarshen Satumba a can jarrabawa ce, wani lokaci har raɓa takan daskare a kan ciyawa.

Direban Zongo:
Beyar fa, ƙaton naman dajin nan mai gashi da farata? Na taɓa ganin ɗaya ya tsallaka min titi a wannan yankin da dare.

Malam na Utica:
Akwai su, baƙaƙe, amma gudun mutum suke yi, abinci ke kawo su. Kilishi, man shanu, hatsin doki, har man goge baki, duk a kulle a mota, ba a tanti ba. Wadda ba a faɗa wa mutum ita ce beguwa. Tana son gishirin gumi, in ka bar sirdi a waje sai ka wayi gari ta gwaguye maka majayi.

Baban Khalifa:
To jama'a, na yanke. Akawal zai zauna. Wata abokiyar aikinmu ta ce za ta ba ni goɗiyarta, shekararta 16, ta je wurin ya fi a ƙirga. Kada wanda ya kai labari Kano.

Ɗan Damagaram:
Na riga na ɗauki hoton wannan saƙon. Bakano a kan goɗiya! Har Ƙofar Mata sai an ji.

Maman Ilham:
Ka rabu da shi. Ka nemi lambar likitan dabbobi na yankin Lowville tun kafin ka tashi, ka rubuta a takarda. Babban asibitin dawakai na jami'ar Cornell yana Ithaca, da nisa, ba wurin da za ka dogara da shi cikin dare ba ne. Ka tafi da ma'aunin zafi, na lafiyayyen doki 99 zuwa 101.5 ne a ma'aunin nan ƙasar. In ka ga yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana son birgima, ko ya daina kashi, ka ɗauke abinci ka kira likita, kada ka jira safiya. Khalifa kuma hular kwano, ko zai yi kuka.

Baban Khalifa:
Salamu alaikum, mun dawo daren jiya, alhamdu lillahi. Ga bayani tunda kun ce in kawo.

Mun isa Alhamis bayan La'asar, awa shida da rabi. Rumfuna fiye da rabi babu kowa. Daren farko ban yi barci ba, duk motsin da jan ya yi sai na fito da tocila. Bai taɓa ruwan famfon ba har sai da na tuna da ruwan tuffar Hajiya, na zuba, ya shinshina, ya tsaya kamar mai tunani, sannan ya kafa kai. Ina tsugune ina jin yadda yake haɗiya, ban san sanda na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba.

Juma'a muka yi gajere, wajen tafkin Catspaw da Pitcher Pond. Asabar muka nufi wani wuri da ake kira Confusion Flats, wato filin ruɗani, kuma wanda ya raɗa sunan bai yi ƙarya ba. Hanyoyin yashi ne suke ta gicciye juna, kowace kamar 'yar'uwarta, itatuwan ma iri ɗaya. Taswirar takardar da na ɗauka a zango na bar ta a aljihun rigar da na cire. Muka yi ta zagaye kusan awa guda, na ga kashin dokinmu sau biyu a wuri ɗaya. Khalifa ya ce Baba mun ɓata ne? Na ce a'a. Daga ƙarshe na sassauta wa goɗiyar linzami, ta tsaya, ta juya kunne, ta ɗauki wata hanya da ni ban ma lura da ita ba. Minti 25 sai ga alamar shuɗi.

Jan kuma a bakin rafi ya ba mu aiki. Dokin da ya yi shekaru yana gudu a gaban jama'a da fitilu, ashe bai taɓa taka ruwa mai gudu ba. Ruwan bai kai gwiwa ba, ana ganin tsakuwa a ƙasa. Ya kafe, yana huci, jikinsa yana rawa, ya ja baya har ya kusa zama. Hannuna ya kai kan bulala, sai na tuna yaro ne a kai. Na ce Khalifa ya sauka. Na shiga da goɗiyar na tsaya a tsakiya, ta sunkuya tana sha abinta. Ya fi minti 15 yana kallonta. Sai ya sa ƙafa ɗaya, ya cire, ya sake sawa, sannan ya yi wani tsalle ya haye gaba ɗaya ya jiƙa ni har wuya. A dawowa ko kallon ruwan bai yi ba.

Baba, daren Asabar wasu suka iso da ingarma. Yana can ɗakinsa amma babu wanda ya runtsa a wannan gefen, goɗiyar tawa ma har da ita a amsa masa.

Abin da ban shirya masa ba sanyi ne. Bargo biyu bai isa ba, a mota muka ƙarasa daren ƙarshe. Sannan jan in ya gaji da sassarfa sai ya koma tafiyarsa ta tsere, ƙafafun gefe guda tare kamar raƙumi, Khalifa yana ta tangal-tangal yana dariya. Hajiya, tambaya. Na cire masa kaska uku a ƙarƙashin haɓa da gindin wutsiya, kuma akwai ɗan kumburi inda majayi ya zauna a hagu, fatar ba ta fashe ba.

Maman Ilham:
Barka da dawowa. Kumburin gogar majayi ce, yashi ne ya shiga tsakani. Ka wanke da ruwan sanyi, kada ka ɗora sirdi sai ya sace gaba ɗaya, majayin ma ka wanke shi. Kaskar ita ce abin lura. Ka riƙa auna zafinsa safe da yamma har mako biyu. In ya haura 101.5, ko ƙafafu suka kumbura, ko ya ƙi abinci, ka kira likita ka ce masa kun je daji. Khalifa ma ka duba shi yau, cikin gashi da bayan gwiwa da hammata, kai ma haka.

Baba Shamaki:
Madalla. Goɗiyar nan ka saya mata karas da kuɗinka. In Allah ya kai mu baɗi ku sa da ni, ba zan hau ba, gwiwa ta ƙi, amma zan riƙe muku zango in dafa shayi.

Ɗan Damagaram:
Wato goɗiya ce ta fitar da kai daga daji, ita ce kuma ta haye da ku rafi. Hoto nake jira.

Baban Khalifa:
Khalifa ne ya ɗauka, duk sun fito da kunnen doki a gaba. Zan turo in na tashi aiki. Direba, fitilar tirelar ta hagu ta mutu a hanyar dawowa wajen Albany, na canza ƙwai bai kama ba. Fis ne ko waya?

Direban Zongo:
Ka fara duba soket ɗin da ke haɗa ta da mota, yashi ne zai cika shi. Ka hure, ka goge bakin ƙarfen, ka sake gwadawa kafin ka taɓa waya.